Za Mu Duba

Minista yana zaune a bencin asibiti, jakar matarsa Hajiya a hannu ɗaya, wayarsa a ɗayan. Jakar ce ta fi ba shi wahala, don bai san ta inda ake riƙe ta ba. Rabonsa da ɗaukar abin da ya fi almakashin yanke ƙyallen bikin buɗe aiki nauyi tun yana kansila.

Ranar ce ake garambawul a majalisar ministoci. An ce duk wanda za a bari a kujerarsa, fadar shugaban ƙasa za ta kira shi kafin la'asar. Wanda kuwa aka kira bai ɗauka ba, akwai masu jira a layi. Shi ya sa yake leƙa wayar bini-bini.

A lardinsu ba mai kiransa da sunansa na yanka, Za-mu-duba ake ce masa. Da wannan maganar ya ci kansila, da ita ya shiga majalisar lardi, da ita ya kai minista. Masu neman gada sun ji ta, malaman makaranta sun ji ta, har surukinsa ya sha ta ranar da ya zo nema wa ƙaninsa aiki. Yakan faɗe ta da murmushi yana dafa kafaɗar mutum, mutum ya tafi yana ta godiya. Sai daga baya yake gane an sallame shi ne.

Hajiya ma ta ji ta. Tun da damina ta ce masa tana jin wani ƙullutu a wuyanta, ya dafa kafaɗarta ya faɗi abin da ya saba. Yau da safe ta kasa haɗiye ruwa, sai ga Minista a tsakar gida ko hula babu, yana ƙwala wa direba kira.

Da layi ya zo kansu, likita ta tattaɓa wuyan, ta tambayi tun yaushe abin ya fara. Hajiya ta kalli mijinta, shi kuma ya kalli jaka.

"Ba komai, ranka ya daɗe," in ji likita. "Ku bar ta a nan, za mu duba."

Minista ya miƙe zumbur, jaka ta faɗi ƙasa.

"A'a, likita! Don girman Allah, ban da wannan. Matata ce fa. Kada ku duba!"

"Ranka ya daɗe, in ba mu duba ba, ta yaya za mu san abin da ke damunta?"

"Ni za ki gaya wa? Ni fa na san ma'anar maganar nan!"

Tsoro ne na gaske ya kama shi, don bai taɓa jin maganar ta wannan ɓangaren ba, kuma bai san haka take da sanyi ba.

Hajiya ta fashe da dariya, tana dafe da wuya saboda zafi.

"Alhaji, zauna, kana tara mana jama'a. Su da na'ura suke tasu dubawar. Ba irin taka ba ce."

Ya zauna a hankali, ya tsince jakar yana kakkaɓe ta. Aka kawo keken marasa lafiya, Hajiya ta hau. Dariyar ta riga ta bar fuskarta. Ta kama bakin rigarsa, ta ce a hankali, "Ka raka ni ciki. Tsoro nake ji."

Sai wayar ta ɗauki ƙara. Su biyun suka ga lambar.

"Alhaji, su ne fa. Ba za ka ɗauka ba?"

Ya kalli wayar, ya kalli hannun da ke riƙe da rigarsa. Ya jefa wayar tana ta ƙara cikin jakar Hajiya, ya ja zif, ya saɓa jakar a kafaɗa, ya kama keken da hannu biyu.

"Za mu duba," in ji shi.