Tagar Da Radoje Ya Rufe

Radoje ya ƙara naɗe wuyansa da tawul, ya jawo kujera gaban kwamfutar 'yarsa, ya zuba wa lambar da ke kusurwar allon ido. Saba'in da shida. Ta ɗan haura, ta dawo. Taga a buɗe take a hagunsa, ƙofar ɗakin a buɗe a damansa, iska tana ratsawa tsakani tana lasar ƙeyarsa.

A nan birnin Nish ba mai hankalin da zai zauna a irin wannan wuri. Promaja ke nan, iskar da ke shigowa ta taga ta fice ta ƙofa, kuma duk ciwon da likita ya rasa gane kansa ita muke ɗora wa: sanƙarar wuya, ciwon kunne, karkacewar baki. Ko rana na dafa mutane a cikin bas, buɗe taga biyu ka ga yadda tsofaffi za su yi maka ca.

Amma Zlata ce ta roƙe shi. Ta gama karatun zanen gine-gine, wani kamfani ya ce ta turo bidiyon ginin da ta zana kafin a tashi daga ofis yau, in ya yi musu su ɗauke ta aiki. Kwamfutarta ta tsufa, da gudun da aka ƙera ta da shi sai gobe za ta gama haɗa bidiyon. Shi ya sa Zlata ta ƙara wa ƙwaƙwalwar kwamfutar gudu, ta ƙara mata ƙarfin wuta, ta kwana biyu tana gwadawa har ta sami inda na'urar ke jurewa. Abin da ya rage a sa ido a kan zafi, ita kuma dole ta je shagon tayil ɗin da take aiki.

"Baba, wannan lambar kawai za ka kalla," ta ce masa da safe. "In tana ƙasa da tamanin, ƙyale ta. In ta doshi casa'in, danna nan, aikin zai tsaya ta huce, sai ka sake dannawa. Taga da ƙofa kuma, don Allah, kar ka taɓa."

"Ɗana, ni da na yi shekaru ina gadin tukunyar tururi a masana'anta?" A nan uba kan kira 'yarsa ɗana, ba mai ɗaga ido. "Je ki abinki."

Tun da aka rufe masana'antar ba wanda ya ƙara ba shi amanar komai, ko cefane Zlata ke yi. Ya ji daɗin roƙon nan fiye da yadda zai iya faɗa.

Da rana ta take sai ga Milunka, maƙwabciyarsu ta ƙasa, da farantin gibanitsa mai zafi, gashin fulawa da cuku, yana ta ƙamshi. Ba ta taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ba a rayuwarta. Tana leƙowa ɗakin ta dafe ƙirji.

"Wayyo Allah! Maƙwabci, ka gaji da duniya ne? A tsakiyar promaja kake zaune!"

"Aikin yarinya ne. Na'urar tana son iska."

"Na'ura tana son iska! To kai me kake so, kabari? Mijin ƙanwata haka ya yi a mota, har yau bakinsa yana kallon kunnensa." Ta ƙare wa tawul ɗin kallo, ta fashe da dariya. "Dubi gemu duk furfura, an mai da kai mai gadin akwati. Jira in gaya wa mutanen ƙasa."

Maganar ta sosa masa rai. Ga baƙuwa tsaye da faranti tana kare kunnenta da hannu, kuma ba a barin baƙo a cikin promaja, ko maƙiyinka ne. Ya dubi lambar. Saba'in da bakwai, tun safe ba ta yi wani abin kirki ba. Ya miƙe ya ja tagar ya rufe. Da suka nufi kicin shan gahawa, Milunka ta jawo ƙofar ɗakin a bayanta, kamar yadda kowace mace mai tarbiyya za ta yi, shi kuma ya ƙyale ta.

Gahawa ɗaya ya ce zai sha. Amma Milunka ta shigo da labarin rikicin mutanen hawa na uku, ta kifa kofinsa ta duba masa sa'a a cikin tukar gahawar, ta ga masa tafiya da wata mace doguwa. Har dariya ya yi.

Ƙarar fankokin kwamfutar ce ta dawo da shi hayyacinsa, suna kuka ta bayan ƙofa kamar injin niƙa. Ya tura ƙofar, zafi ya buge shi a fuska. Rana ta juyo kan gilashin tagar, ɗakin ya zama tanda. Lambar ta koma ja, casa'in da takwas. Ya lalubi tabarau, ya tuna yana kicin. Ya kai hannu zai danna, ya rasa wanne ne a cikin maɓallan. Yana cikin lalube allon ya yi baƙi, fankokin suka yi tsit.

"Ta yi barci ke nan?" in ji Milunka daga bayansa. Da ta ga fuskarsa sai ta tuna ta bar wake a wuta.

Abin da ya yi bayan nan shi ya fi damunsa. Kafin ya ɗauki waya, sai da ya wangale tagar, ya tokare ƙofar da takalmi, ya kaɗa tawul a ɗakin har zafin ya fita. Sannan ya kira.

"Ɗana, ta ɗauke. Haka kawai."

Ba a jima ba Zlata ta shigo da rigar shago a jikinta, gumi sharkaf. Ta dafa saman akwatin, ta kunna. Allon ya kawo haske, ta sauke numfashi.

"Ba ta ƙone ba, kashe kanta ta yi don kar ta ƙone. Abin da ta riga ta haɗa ma yana nan." Ta dubi taga, ta dubi ƙofa, duk a buɗe. Ta zauna ta dafe kai. "Laifina ne. Na cika mata wuta. A gwaji ta jure, ashe ba za ta jure zafin rana ba. Ka yi haƙuri, Baba, na bar ka da tashin hankali."

Ita ce ke ba shi haƙuri. Radoje ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya tsaya a bayanta yana murza tawul, yana kallon yatsunta suna buɗe shafin da ta ƙara gudun.

"Me za ki yi?"

"Zan mayar da ita yadda take. In na sake tura ta haka, wata ƙila wannan karon ta tafi gaba ɗaya."

"In kin mayar, za ta gama yau?"

"Ina fa." Ta goge ido da bayan hannu. "Shi ke nan. Wani ya samu aikin."

Da zai yi shiru, ba wanda zai taɓa sani, Milunka ma ba ta fahimci abin da ta gani ba. Yatsan Zlata yana kan maɓalli.

"Kar ki rage."

Ta juyo.

"Lissafinki daidai ne. Tun safe ba ta kai tamanin ba. Ni na rufe tagar." Ya sunkuyar da kai. "Milunka ta zo, promaja ta dame ta. Ƙofar ma an rufe. Ina kicin."

"Amma na tarar da su a buɗe."

Kansa yana ƙasa, yana kallon takalmin da ya tokare ƙofar da shi.

Ya so ta yi masa faɗa. Da ta ɗaga murya, da ya samu abin riƙewa. Ta juya ta rufe shafin ba tare da ta canza komai ba, ta sa aikin ya ci gaba daga inda ya tsaya. Fankoki suka tashi, lambar ta hau saba'in da biyar ta zauna. Ta dubi agogo, ta yi lissafi da leɓe. Da ƙyar ne, amma zai yiwu.

Radoje ya jawo kujerarsa, ya ajiye tawul ɗin gefe, ya zauna daidai tsakiyar iskar da wuya a buɗe.

"Koma shago, ɗana. Ko fitsari ba zan tashi ba."

Zlata ta ɗauki waya ta kira mai shagon, ta ce ba za ta dawo ba yau, ya yi yadda ya ga dama. Ta ajiye, ta matso da tata kujerar gaban allon. Tun tana ƙarama take yi wa tsofaffi dariya a kan iskar nan, ba ta taɓa yarda da ita ba ko sau ɗaya. Ta yi magana a hankali, idonta a kan lambar.

"Je ka kicin ka huta, Baba. Kar promaja ta kama ka."