Boga Uku, Cizo Uku

"Babu talaka a ƙasar nan, sai dai wanda bai iya lissafi ba."

Dokta ne ya faɗi haka, yana zaune ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, da boga uku a gabansa, wato burodin nan mai nama a tsakiya da gidan abincin yake taƙama da shi. Masanin tattalin arziki ne. Ya yi shekara biyu a ƙasar waje, ya dawo da digiri da kuma wani irin ciwon wuya da ya hana shi kallon na ƙasa da shi. Maigidan wurin ne ya ɗauko shi ya ba da shawara kan ƙarin albashin da ma'aikata suka nema.

Auta, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, tana tsaye a gefe da faranti. Shekara shida ke nan tana soya nama a kicin ɗin, bayan hannunta duk ɗigon ƙunar mai. Ita ma'aikata suka turo ta yi magana.

"Naka sai naka," in ji Kashiya, mai karɓar kuɗin ciniki, da safe. "Ki dai yi masa kukan ƙanwa."

Kashiya ta manta ƙarashen karin maganar, cewa daɗin zama sai bare.

Dokta ya ɗaga boga ɗaya kamar mai nuna jinjiri ga dangi.

"Ranka ya daɗe, irin wannan a can dala shida ce. A nan, in ka canja kuɗin, dala biyu. Ashe kuɗinmu ya ninka yadda 'yan canji suke faɗa sau uku. Ma'ana, albashin da kake ba mutanen nan ya ninka yadda suke zato sau uku. Ka riga ka yi musu ƙari, kai ma ba ka sani ba."

Maigida ya gyara zama. Bai taɓa jin an yi masa bayanin kyautarsa da kyau haka ba.

"Yaya," Auta ta ce a hankali, "mai soya ta a can, awa nawa take yi kafin ta iya sayen guda?"

"Rabin awa. Ba ta ma kai ba."

"Ni sai na wuni."

"Wannan wani fanni ne daban." Ya yi wa Maigida murmushin neman afuwa. "Ƙanwata ce, a aji uku ta tsaya."

Gaskiya ya faɗa. A aji uku ta tsaya, shekarar da aka sayar da filin gadonsu aka saya masa tikitin jirgi.

Ya gatsa ta farko, ya lumshe ido, ya rubuta wani abu. Ya gatsa ta biyu, don ilimi ba ya tsayawa a kan shaida ɗaya. Ta uku kuwa ya ce ta tabbatarwa ce. Sannan ya nemi rasit, domin bincike ba ya tafiya sai da hujja. Kashiya ta buga masa, ya ninke shi da ladabi ya saka a jaka. Hannun nasa bai fito da komai ba.

"Ki gaida Inna," ya ce. "Ki ce mata ina nan tafe, aiki ne ya yi mini yawa."

Maigida ya raka shi har mota, ya buɗe masa ƙofa da kansa.

* * *

Kafin la'asar an manna takarda a ƙofar kicin: bayan nazarin masana, albashi ya wadatar. Sai dai kwanuka sun riƙa faɗawa cikin ruwan wanki da ƙarfin da ya wuce na kullum.

Kashiya ta sami Auta tana kankare kaskon suya.

"'Yar'uwa, na'ura ta buga boga uku, aljihun tebur bai ga kuɗinsu ba."

"Ba Maigida ne ya gayyato shi ba?"

"Na tambaye shi. Ya ce shawara ya kira shi ya bayar, ba ci ba. Kuma kin san dokar gidan: ɗan'uwan ma'aikaci in ya ci ya tafi…"

Auta ta sani. Ita ce ma take karanta wa sababbin ma'aikata dokar.

Ta zare rigar wayarta, ta ciro kuɗin motar da take ɓoyewa a ciki, na sauran watan gaba ɗaya. Ta miƙe su a kan tebur, ta shafe su da tafin hannu. Ladan wuni uku. Daga gobe sai ta fito tun da asuba, ta tako da ƙafa.

Kashiya ta tura mata farantin bogar da Dokta ya gatsa ya bari.

"Ɗauki kayanki, attajira. Ai a can dala goma sha takwas kika kashe."

Auta ta zagaya baya, ta zauna kusa da tukwanen gas. Ta sa wuƙa ta yanke inda haƙoran Dokta suka taɓa, ta kai sauran baki. Shekara shida tana soya abin nan, sai yau ta san ɗanɗanonsa. Ya huce, burodin ya jiƙe da mai.

Ashe ma tana cika gishiri.