Inda Caradog Ya Samo Sunansa

Duk wanda ya taɓa shiga bas ɗin da Caradog Pugh yake tuƙawa tsakanin garuruwan Tregaron da Lampeter ya ji labarin sunansa. Sunan wani sarki ne na zamanin da, wanda ya tare sojojin Rum a kan duwatsu. Da suka kama shi suka kai shi birninsu cikin sarƙa, sai ya yi musu jawabin da ya sa suka bar shi da ransa. In Caradog ya zo wurin jawabin nan har ƙirji yake turowa, alhali shi ɗan guntun mutum ne mai sanƙo.

Da 'yarsa Tegwen ta samu juna biyu, sai ya fara kewaye-kewaye. Wata Lahadi bayan an taso daga coci, suna shan shayi a gidan Goggo Nesta, ƙanwar mahaifinsa da ta haura tasa'in, ya fito fili.

"In namiji ne, ai suna yana nan a gida. Sunan jarumai."

Goggo Nesta ta ajiye kofinta. "Wane jarumi? Sunan rago ne."

"Goggo, tsufa ne ko?"

"Tsufan gidanku. Shekarar da aka haife ka ragon ubanka ya zo na ɗaya a gasar dabbobi. Sunan ragon Caradog. Uwarka ta so a sa maka Emyr, ubanka ya tafi cikin murna ya sa maka sunan ragon. Sai da ta daɗe ba ta yi masa magana ba."

Tegwen ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta. Caradog kuwa ko yankan burodinsa mai zabibi bai ƙarasa ba.

Kafin ranar kasuwa labari ya gama gari. In ya wuce, tsofaffin abokansa sai su yi masa kukan rago. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya koma wurin tsohuwar shi kaɗai, yana murza hularsa.

"Shi ragon, Goggo... wane iri ne?"

"Ɗan nan, ba a yi irinsa ba a duk yankin. Ya taɓa tunkuɗa fasto cikin kwata, da kayan Lahadinsa."

Caradog ya fito yana murmushi. Tun daga nan fasinjoji suka riƙa jin labari biyu, kuma na ragon ya fi karɓuwa.

Da bazara Tegwen ta haifi mace. A asibiti ta miƙa masa ita a naɗe cikin zani.

"Carys sunanta, Baba. Na bincika, tushensa ɗaya da naka, daga kalmar ƙauna. Caradog ma'anarsa wanda ake ƙauna."

Caradog ya leƙa fuskar jikarsa. Duk tsawon rayuwarsa bai taɓa tambayar ma'anar ba. Jaririyar ta yi hamma ta damƙe masa yatsa.

"Wa ya bar tagar nan a buɗe?" ya ce. "Iska ce take sa mini hawaye. Ku ƙaro mata bargo."