Abin da Kyamarar Gamaliel ta Gani

Ranar da Sa'adiya ta fita takaba, ko lalle ba ta tsaya sawa ba, ta hau jirgin ƙasa daga Manchester zuwa Birmingham. A can ne mota ta kwashe mijinta Jumare, ɗalibin digiri na uku, a babban titin Erdington. Direban ya rantse Jumare ne ya faɗo masa, wai hagu ya duba maimakon dama, irin na baƙin da suka saba da titin Najeriya. Ji wani zance! Mutumin da ya kwana biyu a ƙasar, wanda ko 'yarsa Zinatu ba ya bari ta tsallaka sai fitila ta ba da hannu. Amma shaida babu. Kyamarar da ke kan sandar titin ashe ado ce, an kashe ta tun da aka shiga tsuke bakin aljihu. Haka laifi ya zauna a kan mamaci.

Sai jiya-jiyan nan Malam Uba, dattijon 'yan Arewa na unguwarsu Levenshulme, ya buɗe baki. Wani mutumin Jos mai shagon kayan abinci a wajen da abin ya faru, Gamaliel, ya aiko tun ranar sadakar uku cewa kyamarar shagonsa ta ɗauki komai, a zo a karɓa. Malam Uba ya riƙe saƙon. Ba mugunta ba ce, wallahi tausayi ne. Ina za a ɗora wa mai takaba zirga-zirgar lauyoyi? Ya ce in ta fita a yi a tsanake.

Da ta isa shagon ta faɗi sunanta, Gamaliel ya ajiye doyar da yake aunawa.

"Maman Zinatu, sai yanzu? Na yi ta jira. Wannan machine ɗin, every month yake goge kansa, ni ma ban sani ba sai da na je dubawa."

"Babu ko kaɗan?"

"Babu. Amma ni na kalla. Ya tsaya, ya danna maɓallin fitila, ya jira green man, koren nan na tsallakawa. Direban ne bai tsaya ba. Ko kotu ce zan je."

Zai je, ta yarda. Ta kuma san hoton kawai lauya zai nema. Ga shi babu wanda za ta tsine wa, kowa da alheri ya nufe ta.

Ta ɗaga kai ta dubi ƙaramin talabijin ɗin kyamarar da ke saman kantar shagon. Ga titin nan tar, ga mararrabar, ga wata tsohuwa tana jiran fitila daidai inda Jumare ya tsaya.

"Wace riga ya sa?" ta tambaya.

"Shuɗiya. Da wata jar leda a hannunsa."

Jar ledar an kawo mata ita tare da agogonsa. Takalman makarantar Zinatu ne a ciki, kuma sun yi mata kaɗan yanzu.