Agogon da Ba Ya Faɗin Lokaci

Ina da wani ɗan hali: in aka yabe ni kan abin da ban yi ba, ba na gardama. Kai nake sunkuyarwa, har a ce ga tawali'u.

Sana'ata gyaran agogo. Shekara ashirin da shida ina kan kujera ɗaya, har ta lotsa daidai ni. To 'yar ƙanwata, wadda muke kira Dakta tun kafin ta zama, tana karatun digiri na uku kan binciken ɗan Adam. Suna son su gano ko mutumin yau yana motsa jiki kamar kakannin kakanninsa, su haɗa awon jiki da yadda kowane gida yake rayuwa. Ta zaɓi magidanta sittin masu sana'a, ni ne na arba'in da uku.

Ta ɗaura mini wani baƙin abu a hannu mai ƙirga taku, ta ba ni takarda na cike.

"Kawu, kwana bakwai, kada ka cire."

"Agogon da ba fuska, ba hannu? Abokan ciniki su ga wannan a hannuna?"

Tana fita na kwance shi na ajiye kan firjin gidanmu. Rana ta bakwai na same shi a wurin, na goge, na miƙa mata.

Washegari ta faɗo shago ko sallama babu.

"Kawu! Dubu ashirin da ɗaya! Kullum!"

"Me?"

"Taku! Mafarautan daji ma da ƙyar suke kai haka! Kai ne babi na huɗu a littafin bincikena!"

Na sunkuyar da kai.

Na ɗauka injin ne ya rikice, amma wa zai kai ƙarar injin da ya yabe shi? Kafin magariba layinmu duk ya ji. Mai faci ya ce dama ya lura da ƙwaurina. Na sayi takalmin gudu fari fat, na ajiye ƙarƙashin tebur inda za a gani. A gida na ce wa matata, wadda nake kira Gwamnati, ta riƙa yi mini magana a hankali, da babi na huɗu take zaune.

"To, babi," ta ce, "ɗaga ƙafa in share."

Sai Farfesansu ya aiko a kawo ni. Dogo ne, murna na sa shi tafa hannu. Ya auna cinyata da tef, ya latsa tafin ƙafata, ya kira wani ya zo ya gani. Suka ɗora ni kan injin tafiya. Minti huɗu na ga taurari da rana tsaka.

"Abin mamaki!" in ji Farfesa. "Jikin yana adana ƙarfinsa! Rubuta, rubuta!"

Dakta tana ta rubutawa. Saura wata biyu ta kare aikinta gaban manya, kuma ni ne ginshiƙin.

Ta buɗe kwamfuta ta nuna mini zanen kwanakin, layi yana hawa yana sauka.

"Dubi, Kawu. Biyar na asuba ka fara. Hawa bene sau tara. Ƙarfe goma doguwar tafiya. Sha biyu da rabi wata, minti ashirin zuwa, ashirin dawowa, kullum ba fashi. Ina kake zuwa?"

Ni mai agogo ne, lokaci ba ya ɓace mini. Tankin ruwan gidanmu yana kan bene. Kasuwa ƙarfe goma. Ɗaya saura minti goma kuwa kwanon abincina yake sauka kan teburina, da zafinsa.

Na kira Gwamnati a waya, na sa kowa ya ji.

"Wannan baƙin abin na kan firji..."

"Na yarinyar nan? Ni na ɗaura. Na ji ta ce kada a bar shi a ajiye, kai kuwa na san ka. Ya lalace ne?"

Farfesa ya daina tafi. Dakta ta dube ni, ta dubi takalmina. Na fara tsara yadda zan fuskanci uwarta.

Can sai Dakta ta miƙe zumbur.

"Farfesa! Gida sittin, maza kawai muka auna!"

"Masu ƙirga takun nan, guda nawa suka rage a kabad?"

"Talatin!"

"Ɗauko duka!"

Suka fita da gudu, suka bar ni kan injin, tef rataye a cinyata. Na sauko da kaina, na zauna a kujerar Farfesa, mai laushi ce ƙwarai. Takardar da na cike tana kan teburin. A gurbin da aka tambayi sana'ar matar gida, da rubutun hannuna, na sa: ba ta aiki.