Ragon Dosso

Abdulbaƙi ya danna bayan ragon da tafin hannu, ya ɗaga leɓensa ya duba haƙora kamar wani gwani, alhali shi biro ya sani, ba dabba ba. Rago ne fari tas, gashi a taje, da jan tuntu a wuya. Lasifikar filin raguna na bakin titin Kalgo sai shelar rangwamen Sallah take yi.

"Alhaji, wannan ba irin na bayan ɗakin mata ba ne," in ji dillalin. "Jiya tirela ta sauke shi daga Dosso."

Maganar ta yi masa daɗi, don abin da ya baro Gwandu dominsa ke nan. Wata goma mahaifiyarsa, Inna Indo, tana kiwon rago a ƙofar ɗakinta da dusa da harawa, don ya yi layya da shi. Haka ta yi wa mahaifinsa duk shekara har ya rasu. To bana an ƙara wa Abdulbaƙi girma a ofis, abokan aiki kowa sai nuna hoton ragonsa yake a waya. Makon jiya ya tsaya daga nesa, ya dubi na Inna kwance cikin toka duƙun-duƙun, ya ce, "Inna, wannan ai bai kai a ɗaure shi a ƙofar gidana ba." Tun ranar, in ya gaishe ta daga bakin zaure, "lafiya" kawai take cewa, tuwon da matarsa ke aika mata kuma a rufe yake dawowa. Abin yana cin ransa, amma girman kai ya hana shi shiga.

Ya biya ba tare da dogon ciniki ba, aka cusa ragon a bayan bas.

La'asar sakaliya suka sauka a Gwandu. Daga tasha ragon ya shige gaba, shi ke jan Abdulbaƙi. Ya karya kwana a wajen rijiya, ya bi lungun masu ƙira, bai ko yi shakka ba. Abdulbaƙi yana haki yana mamaki. Suna isa ƙofar gida ragon ya fizge igiya, ya ratsa zaure a guje, ya wuce sashen maigidan, bai tsaya ba sai a turken Inna. Ya tsoma baki cikin busasshiyar ƙwaryar da ke wurin.

Matarsa Surayya ta fito daga madafa da muciya a hannu, ta tsaya cak.

"Baban Binta, a ina ka samo shi?"

"Kalgo. Na Dosso ne."

"Wane Dosso? Na Inna ne." Ta rage murya. "Ranar kasuwa ta ba dillali, ta ce a kai shi inda ba za ta ji kukansa ba. Kwana huɗu turken nan ba kowa, kai ko leƙowa ba ka yi ba."

Abdulbaƙi ya durƙusa, ya tofa yawu a yatsa ya murje jan fentin da aka shafa a cinyar ragon. Ga tabon ƙuna nan, girman kwabo guda. Shi da hannunsa ya ciro shi daga murhu yana ɗan ƙarami. Ya ce innalillahi. Wanka kawai aka yi wa ragon da sabulu da bula, shi kuma ya kwashi ƙafa har Kalgo ya sayo abin da ya raina a tsakar gidansu.

Labulen ɗakin ya motsa, Inna ta fito da carbi. Ragon ya je ya goga kai a zanenta. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta dubi ɗanta, idanunta sun kawo ruwa.

"Har Kalgo ka bi shi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ni ina nan ina cewa ɗana ya raina hannuna. Ashe ka tafi ka dawo mini da shi." Ta share ido da gefen mayafi. "Allah shi yi maka albarka. Allah shi ba ka masu yi maka haka."

Kunya ta rufe shi, har ya ji da ma zaginsa ta yi. Ya ɗaga kai, ya ga Surayya tana dubansa, muciya tana ɗigar tuwo. Ita ta san gaskiya, kuma ba ta da niyyar taimakonsa ko ta wane gefe.

Sai ya kwance jan tuntun daga wuyan ragon, ya cusa a aljihu.

"Inna, akwai sauran dusa?"

"Awo, na kasa bayar da ita." Ta shafa cikin ragon, ta yi tsaki. "Mi suka ba shi can? Duk cikinai ruwa ne. Surayya, in tuwon ya yi, ki kawo mini nawa."

Abdulbaƙi ya ɗauki ƙwaryar ya nufi rumbu. Kalmar Dosso kuwa, har aka ci naman aka gama ba a sake jin ta a bakinsa ba.