Gwiwoyin Saja Dawuda

A shekarun da suka biyo bayan babban yaƙin duniya, Mansur ba unguwa ba ce tukuna, ƙauye ne da ya raɓu da Makka. Bukkoki ne na garewanin kananzir da aka fasa aka daddake, sai awaki, sai mu Takari da muka zo aikin hajji komawa ta gagara. Askarawan gwamnati ba sa leƙo mu sai an yi kisa, mu kuwa ba ma kisa. Abin da muka ƙware a kai shi ne faɗa a bakin bazan, wato wurin ɗiban ruwa, inda famfo ɗaya tal ke tsiyaya wa matan ƙauye guda.

Umdanmu, wato mai unguwa, sunansa Abdulganiyyu. Haifaffen Makka ne, jikan wani Bakano, Hausarsa rabi Larabci ce. Da ya gaji da tashi daga shan shayi yana zuwa rabon faɗa, sai ya ce zai naɗa ɗan doka. Ba kaki, ba hula, sandar gora ce kawai da sunan aiki. Aka duba aka ba Saja Dawuda.

Dawuda mutumin Katagum ne, dogo, mai faɗin kafaɗa. Ya yi soja a yaƙin Habasha, har ya ɗaura igiya uku. Da aka sallame su bai koma gida ba, ya ratso Sudan ya ƙetaro teku. A Makka kuwa ba wanda ya tambaye shi igiyarsa nawa. Ga-ruwa ya zama, garwa biyu a sanda, daga bazan zuwa gidajen mutane. Mutumin da a da in ya yi tsawa samari ke ƙamewa, ya koma wanda ake buɗe wa ƙofa a nuna masa randa ba tare da an dube shi ba. Wannan ya fi ciwon kafaɗa ci masa rai. Shi ya sa ranar da aka miƙa masa sandar nan ya karɓe ta da hannu biyu, ya rantse a ransa ba zai sake komawa ɗaukar garwa ba.

Abin da ba mu sani ba, a ƙasan akwatinsa akwai wata sutura da wani hafsa Bature ɗan ƙasar Sikotlan ya ba shi ranar rabuwa. Shi yana kiranta kilti. Ya ce a can jarumai ne ke ɗaura ta, su shiga yaƙi ana busa musu wata algaita mai salka. Mu dai abin da idonmu ya gani fatari ne na ulu mai kauri, kore da baƙi gida-gida, an tattare bayansa, da wata 'yar jaka mai gashi tana reto a gaba. Kuma Baturen nan, ko ba a faɗa ba, gajere ne. Abin da ya rufe wa Bature gwiwa, a jikin Dawuda sai ya tsaya can sama, ya bar gwiwoyi biyu da wani yanki na cinya suna shan iska.

Matarsa Rabi'atu tana tankaɗe ta ɗaga kai ta gan shi. Ta ajiye rariya.

"Malam, a haka za ka fita?"

"A haka hafsoshi ke fita."

"To, Allah ya kiyaye hanya. Ni dai yau ba zan raka ka ƙofa ba."

Ya isa bazan ya tarar an kaure. Khadijatu mai fura, Basakkwata ce da ba a taɓa jin ta ba da haƙuri ba, ta cakumi mayafin Sa'adatu, wadda ta zo ta Chadi kuma ita ma ba kanwar lasa ba ce. Sa'adatu ta ɗaga garwa sama. Sauran mata sun kasu biyu, kowace tana zuga tata. Dawuda ya tako tsakiya, ya buga ƙafa a ƙasa, ya daka tsawa.

Khadijatu ta waiwaya, idonta ya sauka inda bai kamata ba, ta saki Sa'adatu, ta ja mayafi ta rufe fuska tana a'uziyya. Sa'adatu ta juya ta fuskanci bango. Kafin ka ce kwabo mata sun watse, wasu har da barin garewaninsu. Dawuda ya tsaya shi kaɗai, famfo na zuba, ya gyara 'yar jakarsa ya jinjina kai.

Mu duk mun san dalili. Dawuda kaɗai ne bai sani ba. Shi a ganinsa kwarjinin kayan soja ne, kuma ba wanda ya iya buɗe baki ya gaya masa, don tun da ya zo garin nan ba mu taɓa ganinsa yana tafiya kai a sama haka ba.

Aka shiga wani zaman lafiya da ba mu saba da shi ba. Da an hango kore da baƙi daga nesa, faɗa ya mutu. Dattawan da ke dara a gindin bango su sunkuyar da kai, su yi ta kallon ramukan dara kamar yau suka fara ganinsu, shi kuma ya amsa gaisuwarsu da ɗaga sanda. Akwai wani da aka zarga da satar akuya. Dawuda ya zaunar da shi a ƙasa, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan dutse a gabansa, ya fara yi masa tambayoyi. Bawan Allah nan bai jira tambaya ta biyu ba, ya amsa laifinsa, ya faɗi inda akuyar take, ya roƙi a bar shi ya tashi. Da yamma Dawuda ya ba Rabi'atu labari, ya ce haka ake bincike a bariki.

Ulu kuwa a zafin Makka ba wasa ba ne. Ƙuraje suka feso masa a ƙugu, Rabi'atu tana shafa masa man shanu tana mita, shi ko a jikinsa.

Wanda ya kasa haƙuri shi ne Malam Tijjani, limamin masallacinmu. Ya lura in Dawuda zai shiga salla sai ya warware wani zane ya ɗaura a kan kiltin har idon sawu, in an sallame ya cire. Ran nan ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Saja, ashe ka san abin da ya kamata a rufe."

"Na sani, Malam."

"To ka rufe a gaban Ubangiji, ka buɗe wa bayinsa?"

"Malam, waccan salla ce. Wannan aiki ne."

Malam Tijjani ya juya ya wuce gidan umda. Washegari Abdulganiyyu ya kira Dawuda, ya zuba masa shayi, ya yi ta kallon rufin ɗaki yana magana.

"Ya Saja, isma'. Aikinka kwayyis, wallahi ba wanda ya ce komai a kan aikinka. Bas gwiwa, ya shekh. Gwiwa aib ce. In mutawwa'ai, 'yan hisban nan masu bulala, suka ji labari, ni za su kira, ba kai ba. Ka sa wando a ƙasa, khalas."

Dawuda ya ce ba a sa wa kilti wando, ko a Sikotlan ba a yi. Umda ya ce nan ba Sikotlan ba ce. Magana ta ƙare.

Haka ya fito da farin wando har ƙasa, kilti a sama, jaka na reto. Ya doshi bazan, inda Khadijatu da Sa'adatu suka ci gaba daga inda suka tsaya. Ya buga ƙafa. Ya daka tsawa. Khadijatu ta ɗan leƙa ta gefen mayafi, ta ga an rufe, ta buɗe fuska ta koma kan abokiyar faɗanta. Ya sake tsawa har muryarsa ta dushe. Sa'adatu ce ma ta kula shi.

"Matsa gefe, ya ammi, kada a jiƙa maka fatarinka."

Mata suka kwashe da dariya. Kuma kamar suna rama kwanakin da aka hana su, faɗan ya fi na da. Aka fasa wa wata goshi da bakin garwa, aka yaga mayafi, mazaje suka fara shigar wa matansu. Umda ya aiko wa Dawuda cewa in Juma'a ta zo bazan bai lafa ba, zai karɓi sandarsa ya ba wani.

Ranar da saƙon ya zo, bayan la'asar, Dawuda ya zauna a tsakar gida ya kasa cin abinci. Yana ta juya sandar a hannu yana faɗa shi kaɗai, wai wandon nan ne ya kashe wa kilti kwarjini, wai Malam Tijjani bai san aikin tsaro ba. Rabi'atu ta saurara har ya gaji. Sannan ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"Malam, in gaya maka gaskiya, ko in bar ka?"

"Faɗi."

"Ba tsoronka suke ji ba. Kunya suke ji. Mace ta fito ɗiban ruwa ta ga cinyar mijin wata a fili, me za ta yi in ba gudu ba? Khadijatu ta ce min tun da ka fara aikin nan ba ta ɗaga kai ta ga fuskarka ba."

Dawuda ya daina juya sandar.

"Dattawan dara fa?"

"Su ma."

"Ɓarawon akuya?"

Rabi'atu ta danne dariya da gefen zane, ta ga ba lokacinta ba ne, ta haɗiye.

"Shi ya fi kowa shan wahala, don shi a ƙasa ka zaunar da shi."

"Kowa ya sani ke nan. Ke ma kin sani."

"Ni na fara sani."

"Me ya hana ki faɗa min?"

"Tun da na aure ka kake shigowa gidan nan kafaɗa a sauke, ba ka ko iya magana. Sai ga shi kana shigowa kana 'yar waƙarka ta bariki. Ni ce zan hana ka?"

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Ashe duk sunkuyar da kan nan da ya ɗauka girmamawa ce, kawar da kai ce, irin wadda aka saba yi masa tun yana ga-ruwa, sai dai wannan ta zo da a'uziyya. Ya tashi ya shiga ɗaki, ya kwance kiltin ya ninke.

Da safe sai ga umda da kansa a ƙofar gida, abin da bai taɓa yi ba. Ya rage murya, yana waige-waige.

"Ya Saja, na yi magana da Malam Tijjani. Shi ma ya gaji, matarsa ce aka fasa wa goshi. Ya ce akwai larura a ciki. A bazan kawai, da safe kawai. Ka cire wandon, in sun watse ka mayar. Tayyib?"

Dawuda ya dube shi.

"Ranka ya daɗe, ni ka ba sandar nan, ko gwiwoyina?"

Umda ya kawar da kai. Ya gyara rawani.

"Ka bar ni zuwa Juma'ar da ka ce," in ji Dawuda.

Ya fita da tsohuwar taguwarsa ta ɗaukar ruwa, doguwa har ƙauri, da sanda a hannu. Da ya isa bazan bai yi wa kowa tsawa ba. Garewani ya nufa. Ya ɗauki ta wadda ta riga zuwa ya dasa a bakin famfo, ya ɗauki ta biyu ya ajiye a bayanta, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana jerawa yadda ake jera sababbin kurata. Ya ja layi a ƙasa da sanda, ya ce duk garwar da ta tsallake layin nan ƙarshe za ta koma.

Ta Khadijatu ce ta fara tsallakewa, kamar yadda kowa ya zata. Ya ɗauke ta ya kai ƙarshe. Khadijatu ta dawo da ita. Ya sake kaiwa. Ta ɗebi ruwan wata ta watsa masa tun daga kai har ƙafa, ta matso har numfashinta na dukan gemunsa, ta buɗe masa wuta. Sa'adatu, da ta ga tata garwar tana gaba, nan take ta zama mai son bin doka, ta shigar masa. Wata ta yakushe shi a hannu. Bai matsa ba, bai ɗaga sanda ba, duk garwar da ta fita ya mayar da ita. Rana ta yi zafi, yara na jiran ruwa a gida, kuma faɗa da mutumin da ba ya ramawa akwai gajiya. Kafin azahar layi ya tsaya. A karkace yake, ana ta tsaki a cikinsa, amma layi ne, har da Khadijatu a can ƙarshe tana huci.

Umda ya zo wucewa a kan jakinsa. Ya tsaya ya kalli garewani, ya kalli Dawuda da ke ɗigar ruwa, ya ce, "Mashallah," ya kaɗa jakinsa ya yi gaba. Bai yi zancen sanda ba.

Rabi'atu na ganinsa ya shigo a jiƙe, hannu na jini, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Me suka yi maka?"

"Zagina suka yi."

"Shi ne kake murmushi?"

Ya jingine sandar a bango, ya zauna yana matse gefen taguwa.

"Khadijatu ta zage ni tas, ta haɗa da Katagum gaba ɗaya. Amma Rabi, ido cikin ido ta zage ni. Ta ce, kai Dawuda, wa ya ba ka iko? Duk suna kallona, ba wadda ta juya baya."

Rabi'atu ta tsaya da tsumma a hannu, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Ta kama hannun tana goge jinin.

"Zuba min abinci," in ji shi. "Gobe da wuri zan fita, ta ce ba ta gama da ni ba."